Faɗan 'yan PUBG da 'yan Free Fire: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Ranar wata Juma'a, bayan la'asar, na je shagon caji a nan Gwandu in karɓi wayata. Sai na iske ƙanen wani abokina a kan benci ya haɗa kai da gwiwa. Yaro ne ɗan shekara 16, irin waɗanda in suna wuri ba ka jin muryar kowa sai tasu. Ranar ko gaisuwa da ƙyar ya yi. Na ce masa lafiya? Ya yi shiru, can ya ce: "Yaya, hoton wayata sunka sa cikin guruf."

Guruf ɗin na WhatsApp ne, na 'yan gem. Akwai yaran Gwandu, akwai na Kalgo, akwai na Birnin Kebbi, har da ɗalibai 'yan jami'a. An buɗe shi ne don a riƙa haɗa sikwad da shirya gasa. A hankali sai ya rabu gida biyu, 'yan PUBG da 'yan Free Fire. Shi wannan yaron ɗan Free Fire ne na gani-kashe-ni. Ya yi musu da wani ɗan PUBG daga Kalgo a kan wane gem ya fi wuya, musun ya yi zafi, sai wani da ya san shi ya ɗauki hoton wayarsa a ɓoye a nan shagon cajin: ƙaramar itel ce, gilashinta ya tsage, an ɗaure bayanta da roba. Kafin magariba an mayar da hoton sitika, an rubuta a ƙasa wai "ofishin 'yan Free Fire". Daga nan wani ya ƙara da sana'ar mahaifinsa, wanda faci yake yi a bakin titi.

Yayansa, wato abokina, da ya ji, bai tsaya tambaya ba. Ya karɓi wayar ya yi saƙon murya na kusan minti 2, ya zagi yaron Kalgo, ya haɗa da iyayensa. Kai ma ka san saƙon murya ba ya zama inda aka aje shi. Kwana 2 tsakani ya isa wayar kawun yaron. A nan ne aka gano cewa gwaggon wannan yaro a Gwandu take aure, gida 3 tsakaninsu da gidan su abokina. Maganar da ta fara a kan gem sai ga ta a zaure, dattawa sun zauna, mahaifin abokina yana ba da haƙuri a kan abin da bai san kansa ba balle gindinsa. An sasanta, amma har yau matan gidajen nan biyu gaisuwarsu sama-sama ce.

Ɗan'uwa, na kawo maka wannan labarin ne saboda na san ko kana cikin irin wannan guruf, ko ka taɓa dariya da irin wannan sitika, ko kuma kai aka taɓa yi wa. Ni ma ina buga gem, ban zo in ce maka ka goge shi ba. Abin da nake so mu duba tare shi ne wannan gaba da muka ɗauka muka ɗora wa kanmu. A ganina rabinta gori ne na abin hannu da muka lulluɓe da sunan wasa, ɗaya rabin kuma talla ce muke yi wa wasu kamfanoni kyauta, da datarmu da mutuncinmu.

Gori ne na waya

Mu fara da gem ɗin kansu. PUBG wani kamfanin Koriya ta Kudu ne ya fitar da shi a kwamfuta a 2017, kamfanin da yanzu ake kira Krafton. Na waya ya fito a watan Maris na 2018. Mutum 100 ake saukewa a tsibiri, a yi ta fafatawa har a bar mutum ɗaya ko sikwad ɗaya, zagaye guda kan ci kusan rabin awa. Free Fire kuwa kamfanin Garena na Singafo ne ya fitar da shi a ƙarshen 2017. Mutum 50 ne, zagaye kamar minti 10, kuma tun farko an gina shi ne don ya yi aiki a ƙananan wayoyi, waɗanda ba su da ƙarfi ba su da wurin ajiya. Shi ya sa ya yi kasuwa a Birazil da Indonesiya da Indiya, har ya zama gem ɗin waya da aka fi saukewa a duniya a 2019. Daga baya Call of Duty na waya ya shigo a watan Oktoba na 2019, ya zo da nasa mabiyan, su kuma suna ganin duka ɓangarorin biyu yara ne.

To ka tsaya ka yi wa kanka tambaya: kai ka zaɓi gem ɗinka, ko wayarka ce ta zaɓa maka? Yawancinmu in za mu faɗi gaskiya, mun fara da abin da wayar ta iya ɗauka ne, da abin da abokanmu na unguwa suke bugawa. Wanda yake riƙe da waya mai RAM giga 2, a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wuta kuma sai an kai caji shago, ba zai zauna zagayen rabin awa wayar na zafi kamar dutsen guga ba. Zai nemi abin da zai buga minti 10 ya tashi. Wanda babansa ko yayansa ya saya masa babbar waya, shi kuma yana da zaɓi. Ka ga ashe layin da ya raba 'yan PUBG da 'yan Free Fire a garuruwanmu, sau da yawa shi ne dai layin da ya raba mai hali da marar hali.

Saurari irin zagin da ake yi. Ɗan PUBG zai ce Free Fire gem ɗin yara ne, gidajensa ko ƙofa babu, hotonsa kamar katun. Wannan duk ana iya dariya a wuce. Amma bai cika tsayawa a nan ba. Sai ka ji "gem ɗin talakawa", "'yan itel", "je ka sayi waya tukuna ka zo mu yi magana". Ɗan Free Fire shi ma ba ya bari ta kwana: "'yan hutu", "kuɗin baba", "a kwanta a ciyawa kamar maciji a jira kaza". Wannan gorin ƙofa da na ƙaramar waya ma ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Samarin Indiya da Indonesiya sun shekara suna yi wa juna a YouTube da Facebook kafin ya iso mana. Mun aro faɗan ne kamar yadda muka aro gem ɗin, sai dai mu da muka karɓa mun ƙara masa abin da ya fi ciwo a wurinmu, wato gidan su mutum da sana'ar ubansa.

Abin dariyar ma, mai Infinix da ke yi wa mai itel gori bai san cewa itel da Tecno da Infinix duk kamfani ɗaya ne ke yin su ba, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Uwa ɗaya uba ɗaya, farashi ne kawai ya bambanta.

Aljihu ɗaya ne

Yanzu mu zo kan kuɗi, don a nan ne na fi jin haushin kanmu. PUBG na waya, tare da kamfanin Tencent na ƙasar Sin aka yi shi. Call of Duty na waya, wani reshe na Tencent ɗin ne mai suna TiMi ya gina shi. Garena mai Free Fire kuwa ƙarƙashin kamfanin Sea yake, kuma Tencent ya daɗe yana cikin manyan masu hannun jari a Sea, kamar yadda yake da babban kaso a Krafton. Wato ko UC ka saya, ko dayamon, ko CP, akwai wani teburi guda da wani abu daga kuɗinka ke isa. Kai kana Gwandu kana kumfar baki, shi yana Kalgo yana rantsuwa, riba kuma tana tafiya wuri ɗaya. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su kamfanonin ma in sun saɓa, ka san yadda suke yi? A watan Janairun 2022 Krafton ya maka Garena a kotu a Amurka, ya haɗa da Apple da Google, yana zargin an kwaikwayi gem ɗinsa. Lauyoyi suka sa kwat suka tafi da takardu. Babu wanda ya zagi uwar wani, babu wanda ya ɗauki hoton wayar wani. Masu abin suna rigimarsu da lissafi, mu 'yan kallo muna tamu da zuciya.

Kuma sun san inda ke mana ƙaiƙayi. A ƙarshen 2020 Free Fire ya ɗauko Cristiano Ronaldo ya mayar da shi ɗan wasa a cikin gem mai suna Chrono. A ƙarshen 2022 PUBG na waya ya ɗauko Lionel Messi. Kana ganin haɗuwa ce kawai? Musun Ronaldo da Messi da ya hana gidajen kallon ƙwallonmu zaman lafiya shekara da shekaru, shi aka kwaso aka zuba a cikin gem, domin mai talla ya san mutumin da ya ɗauki abu a matsayin "namu" ba ya lissafi in zai kashe masa kuɗi.

Haka shafukan sada zumunta suke. Facebook da TikTok da YouTube suna tura abin da ya fi jawo kwament da sharhi ne zuwa gaban mutane. Bidiyon da wani ya zauna ya koya maka yadda ake saita maɓallai ba zai samu rabin kallon bidiyon da aka ce "'yan Free Fire ku zo ku kare kanku" ba. Mai shafin ya sani. Zagin da kake yi masa a ƙasa, lamba ce ke ƙaruwa a wurinsa. Kai kuma da me ka biya? Da data, wadda tun Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100 kowa ya san yadda take ƙuna. Da kuɗin caji. Da barcin da ba ka yi ba, ga lakca ƙarfe 8 na safe ko gona na jiranka.

Akwai kuma abin da ya kamata ya sanyaya mana gwiwa. A watan Satumban 2020 gwamnatin Indiya ta haramta PUBG na waya. 'Yan Free Fire na can suka yi ta murna da tsokana. A watan Fabrairun 2022 aka haramta Free Fire shi ma. Duk mai akawun da ya tara kaya a ciki, ya wayi gari abin ba ya hannunsa. Akawun ɗin da kake jin za ka iya ɓatawa da ɗan unguwarku a kansa, aro ne. Rana ɗaya kamfani ko gwamnati ko ɗan kutse na iya rufe shi. Maƙwabcinka kuwa yana nan.

Me ya sa abin ke shiga rai haka?

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne, ko kuma wai yaran yanzu ne suka lalace. A shekarun 1990 yaran Amurka da Turai sun yi irin wannan tsakanin masu Sega da masu Nintendo. Bayansu aka yi na PlayStation da Xbox. A shagunan gem na garuruwanmu yayyenmu sun yi na PES da FIFA, wanda yanzu ya koma eFootball da FC bayan Konami ya sauya suna a 2021, EA kuma ya rabu da sunan FIFA a 2023. Suna ke canzawa, halin ɗan Adam na nan.

A 1954 wasu masana halayyar ɗan Adam, ƙarƙashin Muzafer Sherif, sun kai yara maza 22 wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka. Yaran ba su san juna ba, kuma babu wani bambanci na kirki tsakaninsu. Aka raba su gida biyu, kowane gida ya raɗa wa kansa suna, aka sa musu gasa da kyauta. Cikin 'yan kwanaki suka fara zagin juna, suka ƙona tutar juna, suka kai wa ɗakunan juna hari. Abin da ya dawo da su shiri shi ne da aka sa su a matsalar da gida ɗaya ba zai iya magancewa ba, kamar gyaran ruwan sansanin da jan motar abincinsu da ta ƙi tashi. Darasin a fili yake: ba sai da dalili mai nauyi mutum ke ƙin ɗan'uwansa ba. A ba shi tuta, a nuna masa wasu a ce ga abokan hamayya, ya isa.

Mu kuma ga ƙarin abu. Saurayin da ya gama sakandare yana zaune, ko yana jiran admishan, ko ya gama jami'a babu aiki, a gida ana ganinsa ba ya tsinana komai. Amma a cikin gem yana da suna, yana da matsayi, ana kiransa a ce sai da shi. Wurin nan kaɗai ne ake tafa masa. In ka zo ka ce wannan wurin banza ne, gem ɗin yara ne, ba gem ɗin ka taɓa ba, shi ka taɓa. Shi ya sa ƙanen abokina ya kasa cin abinci a kan sitika. Wanda ya yi ta yana ganin raha ce ta minti 5. Shi kuwa yaron an tsaya gaban mutum fiye da 100 an nuna talaucin gidansu.

Na san abin da za ka ce

Za ka ce, haba Malam, wasa ne fa. Gem ba tsokana ai lami ne. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ni kaina in na ci abokina a eFootball sai ya yi kwana 3 yana jin labari. Kuma mu Hausawa babu wanda zai koya mana tsokana. Muna da wasan taubasai, muna da na Kanawa da Zazzagawa, na Fulani da Barebari, na Gobirawa da Yarbawa. Bakano zai yi wa Bazazzagi tatas a tasha, a yi dariya, a ƙarshe ya biya masa kuɗin shayi.

Amma ka lura da ƙa'idar wannan wasan. Ana yin sa ido da ido, tsakanin mutanen da suka yarda da juna. Kowa na da damar ramawa. Ba a shiga da iyaye, ba a tona asirin gida, ba a yi wa mutum gori da abin da ba shi ya ɗora wa kansa ba. In fuskar abokin wasa ta canza, an san an kai iyaka, sai a ja baya. A guruf babu fuska. Mutum 30 za su taru a kan ɗaya, kowa na jefa tasa, babu mai ganin idonsa ya kawo ruwa. Kuma abin da aka rubuta ba ya gogewa, ana sikirinshot, ana turawa gaba. Magana zarar bunu ce tun ana yin ta da baki, balle yanzu da ake adana ta.

Dubi dambe. 'Yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada, kowa da ɓangarensa da makaɗansa da kirarinsa. A fage ana naushi na gaske, wani ya faɗi ƙasa. Amma akwai alƙali, akwai turmi, akwai lokacin da ake raba su, kuma in an tashi za ka ga wanda ya yi kisa da wanda aka kashe a inuwa ɗaya. Haka kokawa. Mu a gem mun ɗauki zafin fagen, mun bar alƙalin da ƙa'idar a baya.

In kuma kana ganin faɗan intanet a intanet yake ƙarewa, ga abin da ya faru a birnin Wichita na jihar Kansas a Amurka, a watan Disambar 2017. 'Yan Call of Duty biyu suka saɓa a kan wasan da aka sa cacar dala 1 da santi 50. Ɗaya ya yi barazana, ɗayan ya ba shi adireshin da ba nan yake zaune ba, ya ce in ya isa ya zo. Aka sa wani ya kira 'yan sanda da ƙaryar cewa an yi kisa a gidan ana garkuwa da mutane. 'Yan sanda suka kewaye gidan, wani magidanci ɗan shekara 28 da bai san hawa ba bai san sauka ba ya leƙo ƙofa, aka harbe shi ya mutu. A 2019 kotu ta ɗaure wanda ya yi kiran shekara 20. Ko a nan gida, masu shekaru a cikinmu na tuna 2009, lokacin da wani mai goyon bayan Manchester United ya afka wa masu murnar nasarar Barcelona da mota a jihar Ribas, mutum 4 suka mutu. Ƙungiyoyin biyu babu wadda ta san da zamansu.

Ka kuma sani dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana da sashe na 24 da ya shafi aika saƙon barazana. Wannan "in na kama ka sai na ga bayanka" da kake turawa cikin fushi da ƙarfe 1 na dare, hujja ce ka rubuta da hannunka ka miƙa wa wanda kake faɗa da shi.

Mun taɓa ganin gabar da ta fi wannan

Kai ɗan Gwandu ko ɗan Kalgo, ba ka buƙatar Amurka ta ba ka misali. Garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, shekaru da dama a ƙarni na 19 yana yaƙi da Kabawa. Yaƙi na gaske, da dawaki da masu, an rasa rayuka an ƙone garuruwa. Amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka tarbe shi da bikin kamun kifi, wannan biki kuma ya zama alamar an binne tsohuwar gaba. Yau mutane na zuwa Matan Fada daga ko'ina, a 2016 ma UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya. Har yanzu gasa ce, kowa na son ya fito da kifin da ya fi girma. Sai dai an yi mata lokaci, an yi mata ƙa'ida, an yi mata alƙalai. Jikokin waɗanda suka yi wancan yaƙin yau suna aji ɗaya a Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, da ta Aliero, da kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, suna auren juna. In waɗancan sun iya ajiye takobi, ni da kai ba mu da bakin cewa ba za mu iya ajiye sitika ba.

To me za mu yi?

In kai admin ne, ka sani guruf ɗinka zaurenka ne, abin da aka yi a ciki da sunanka ake yi. Ka kafa doka gajera ka liƙa ta a sama: a tsokani gem, a tsokani yadda mutum ke bugawa, amma ba iyaye, ba hoton kowa ba da izininsa ba, ba gorin waya, ba ƙabila ba aƙida. Wanda ya karya, a fitar da shi mako guda ko da shi ya fi kowa iya harbi. Doka in ta tsallake gwani ta kama nub, ta mutu.

In kai gwani ne da ake ji da kai, ƙananan yara kai suke kwaikwayo. Yadda ka yi magana a laif haka za su yi gobe a makaranta. Kuma in da gaske kake gem ɗinku ya fi, hanyar nunawa a buɗe take: a haɗa gasa tsakanin Gwandu da Kalgo, zagaye ɗaya a PUBG, zagaye ɗaya a Free Fire, a cakuɗa sikwad ɗin, masu manyan wayoyi su ba da aro na awa guda. Ranar za ka ga ɗan PUBG ya rasa yadda ake kafa bangon ƙanƙara, ɗan Free Fire ya ɓace a Erangel, kowa ya yi dariyar kansa. Kada dai a sa caca, don yawancin faɗan da na gani a shagon gem daga naira 200 ta "wanda ya ci ya ɗauka" ya fara.

Ke kuma 'yar'uwa da ke buga gem da sunan namiji don kada a dame ki, na san naki ya fi namu wuya, domin da an ji muryarki zagin ke sauya salo. Ki yi bulok, ki yi rifot, ki ajiye sikirinshot, ki faɗa wa wanda kika yarda da shi a gida. Mu maza kuma da muke jin ana yi muna shiru, da mu ake yi.

In kai ne aka taru a kanka, kada ka yi abin da abokina ya yi. Kada ka yi saƙon murya kana huci. Ka kashe data, ka fita ka sha iska, in ya kama ka bar guruf ɗin. Babu wanda aka taɓa kai wa zaure don ya yi shiru. In kuma ka lura gem ya fara hana ka barci da karatu da sallah a kan lokaci, kana so ka rage ka kasa, kada ka raina abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan kamu cikin jerin cututtukanta tun 2019. Ka yi magana da wani babba ko ma'aikacin lafiya.

In kuwa kai ɗan kallo ne, mai tura alamar dariya kawai, to ka san dariyarka ce man da wutar ke ci. Mutum ɗaya ya rubuta "kai, wannan bai yi ba" yakan isa ya kashe magana. Na sha gani.

Ƙanen abokina ya koma buga Free Fire ɗinsa, da wayar nan dai mai roba. Kwanan baya na same shi a shagon cajin yana ta ihu shi da wasu, ya samu Booyah. Na tambaye shi labarin yaron Kalgo. Ya ce sun haɗu a wani ɗaurin aure a Birnin Kebbi, an sa su a tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Na ce to me kuka ce wa juna? Ya ce: "Yaya, mi za mu ce? Shinkafa munka ci." Sai da aka kusa tashi ne yaron ya tambaye shi wai da gaske ne zagaye minti 10 kawai yake, don shi datarsa ba ta kai masa ƙarshen wata yanzu.

Kafin ka tura sitika ta gaba, ka tuna garuruwanmu ƙanana ne. Wanda kake shirin yi wa, akwai yiwuwar ku haɗu a sahu ɗaya ranar Juma'a, ko ka je neman aure ka iske shi ne ƙanen yarinyar.